Wa Ya Gaya Miki?

Rubutun farko da ta kai wa malamin da ke duba aikinta shafi 14 ne, kuma sai da ta kwana uku tana goge Faransancinsa kafin ta miƙa. Bayan mako guda ya mayar mata da shi. Bai taɓa nahawu ba, bai soke ko kalma ɗaya ba. A gefen kowane sakin layi ya rubuta tambaya guda da jan alƙalami, ita ce dai tun daga shafin farko har na ƙarshe: wa ya gaya miki?

Ta fito daga ofishin idanunta cike da ƙwalla, domin tun da ta shiga lakwal ba a taɓa mayar mata da aiki haka ba. Ita ɗiyar Bangi ce, garin da ke kudu da Madawa, a bakin iyakar Nijar da jihar Sakkwato, inda Hausawa manoma da Fulani makiyaya ke zaune tare. Iyakar nan, wadda ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa ne ta tsakiyar dangi: kawu a Sabon Birni, gwaggo a wannan gefe, kasuwa kuwa da naira da sefa duk tana ci. A nan ta yi karatun allo da asuba, ta yi na boko da hantsi, kuma a duka biyun abin da ya ɗaga ta sama da tsaranta shi ne hadda. Mushe ya rubuta taƙaitaccen darasi a allo, ta kwafa a kaye, ta haddace, ta mayar masa ranar jarrabawa ba ragi ba ƙari. Ko a lise, inda aka koya musu tsara muhawara gida uku, wato ra'ayi da kishiyarsa da sulhu tsakaninsu, ta ɗauki abin kamar ma'aunin tela: a zuba maganganun manyan marubuta da aka haddace, kowace a aljihunta. Da haka ta ci jarrabawar bak, ta yi tafiyar kilomita fiye da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ta haye gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdu Mumuni, ta shiga sashen tarihi.

Da lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ba ta sha wahalar zaɓen batu ba. Tun tana ƙarama take jin kakarta, wadda ta ci sunanta, tana ambaton El Buhari, yunwar 1984 zuwa 1985. A ƙasashen Hausa na Nijar an raɗa wa yunwar wannan suna ne saboda a watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta kuma canza launin takardun naira, kuma ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki. Abin da ɗalibar ta rubuta a shafukan nan 14 bai wuce abin da kowa ke faɗa a gindin bishiya ba: an rufe iyaka, abinci ya yanke, mutane suka tagayyara. Ta ƙawata shi da wasu sakin layi da ta ɗebo daga littattafai da intanet, ta jera su kamar kwanonin amarya.

Batu da tambaya

Da ta koma wurinsa, malamin ya ajiye Faransanci ya yi mata magana da Hausa. Ya ce: “Ɗiyata, yunwar 1984 batu ce, kuma batu ba ya ƙarewa, kina iya cika shafi 500 a kansa ba ki ce komi ba. Abin da nake nema gare ki tambaya ce wadda mai hankali zai iya amsa ta da i, wani mai hankalin ya amsa da a'a. In kowa ya yarda da maganarki tun kafin ki buɗe baki, to mene ne amfanin kundin?”

Ta ce: “Malam, ai kowa a garinmu ya san rufe iyaka ne ya kawo ta.”

Ya ce: “To kin ga da'awa ke nan. A gaban alƙali, wa ke kawo shaida?”

Ta ce: “Mai da'awa.”

Ya ce: “Je ki kawo.”

Ta yi makonni tana jujjuya abin kafin tambayar ta tsaya da ƙafafunta. Daga “yunwa a Nijar” ta sauko zuwa “yunwar 1984 a jihar Tawa”, daga nan zuwa ƙasar Bangi kaɗai, har ta iso ga jimla guda: a cikin wahalar da mutanen Bangi suka sha a waɗannan shekaru biyu, mene ne rabon fari, mene ne rabon rufe iyaka? Ta lura cewa duk sa'ad da ta ƙuntata filin, aikin ƙara nauyi yake yi, domin ƙaramin fili ba ya ɓoye mai noman ganin-ido.

A ɗakin karatu

A ɗakin karatu na Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam, wadda aka fi sani da IRSH, ta fara gane cewa littafi ma mai da'awa ne. Da can tana karanta littafi ne don ta ɗebi abin da za ta zuba a nata. Yanzu malamin ya ɗora mata sharaɗi: kowane littafi ta karanta, ta cika kati guda da amsar abu uku, wato me marubucin ke son a yarda da shi, da wace shaida, kuma ina ne shaidar ta gaza.

Ta fara da na kusa da gida. A 1975 Djibo Hamani, wanda Jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma a shekarar ce Nicole Echard ta fitar da nata kan yadda manoman Adar ke riƙe da tarihinsu. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma kowanne da inda ya kafa kujerarsa: ɗaya ya fi bin sarauta da yaƙe-yaƙe da alaƙar Adar da Agadas, ɗaya ta fi sauraron zuriyoyin ƙauye da labarin ƙaurarsu. A nan ta fahimci cewa tambayar da mutum ya ɗauko ita ke zaɓar masa shaidun da zai kira. Littafin Boureima Alpha Gado na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel ya nuna mata cewa raɗa wa yunwa suna tsohuwar al'ada ce, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma sunan da jama'a suka zaɓa shi kansa fassara ce da suka yi wa abin da ya same su. Fassara kuwa ana iya bincika ta.

Daga nan ta leƙa waje. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya kafa hujja a littafinsa na 1981 cewa ana iya yin yunwa alhali akwai abinci a kasuwa, idan abin da talaka ke musanyawa da abinci, ƙwadagonsa ko dabbarsa, ya faɗi warwas. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda haraji da kasuwar gyaɗa da bashi suka raunana hanyoyin da manoman Hausa ke bi su tsallake mummunar shekara. Ba ta haddace su ba wannan karo. Ta riƙa tambayar kanta ko abin da suka faɗa ya hau kan Bangi, ko kuwa rigar aro ce.

Maganar kwafe ita ce ta fi ba ta kunya. Malamin ya buɗe shafi na 6 na rubutunta na farko, ya ɗauko wani littafi daga kanta, ya ajiye su gefe da gefe, bai ce uffan ba. Da ta sunkuyar da kai, sai ya tambaye ta ko a makarantar allo an taɓa karanta mata hadisi ba tare da an ce daga wane, daga wane ba. Ya tuna mata cewa Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu daga gare su, kuma cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ake ziyartar kabarinsa a yankin Madawa, kusa da garinsu. Ɗan rubutun da ake sa wa a ƙasan shafi, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, isnadi ne. Amfaninsa shi ne mai shakka ya iya bin sawu har ya isa inda maganar ta fito. Tun daga ranar ta daina ganin wannan aiki a matsayin wata ƙa'idar Turawa da ake cika wa don a sami maki.

Ya kuma aike ta ga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka kammala a 1812. A ciki Bello ya kawo wasiƙun Shehu Aminu El-Kanemi na Barno, wanda ya ƙalubalanci hujjar yaƙar Barno, yana mai cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri. Bello bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba; ya shimfiɗa ta, sa'an nan ya mayar da martani, har ya zama masu karatu na yau suna iya auna ɓangarorin biyu da kansu, wasu ma su ga El-Kanemi ya fi ƙarfi a wasu wurare. Darasin da ta ɗauka shi ne, wanda ya rage ƙarfin maganar abokin hamayya don ya ji daɗin kayar da ita, kansa ya ruɗa.

Komawa gida da tambaya

Ta koma Bangi a damanar 2019, kuma a cikin watan Agusta na shekarar Nijeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, a ƙarƙashin Buharin dai, wanda a lokacin shugaba ne zaɓaɓɓe. Wannan ya buɗe bakin tsofaffi, ya kuma kawo mata matsala, domin fushin yau yana shiga cikin labarin jiya. Ta riƙa ɗaukar hira da wayar salula, bayan ta nemi izini, ta kwana tana mayar da ita a rubuce, kalma bayan kalma.

Abu na farko da ta ci karo da shi shi ne cakuɗewar shekaru. Tsoho zai fara da El Buhari, can sai ya ambaci mutuwar shanu da ta auku a farin 1973. Ba rashin gaskiya ba ne. Wahala biyu ne da shekara goma kacal tsakaninsu suka narke a wuri ɗaya. Sai ta samo turaku na ɗaure labari. Takan tambaya: wannan abu kafin sojoji su kifar da Diori ne, a Afrilun 1974, ko bayan nan? Lokacin an riga an canza launin naira? Wane ɗa ne ke goye? Da waɗannan ta riƙa tsefe zaren biyu.

Abu na biyu shi ne maza da mata ba yunwa ɗaya suke ba da labari ba. Maza suna maganar hanya: yadda aka toshe cin rani, yadda korar baƙi daga Nijeriya a 1983 da 1985 ta dawo da samari gida hannu rabbana, yadda wanda ke da tsofaffin takardun naira a wannan gefen iyaka ya wayi gari da tarin takarda marar amfani, domin wa'adin canjin ƴan kwanaki ne kuma hanya a rufe. Mata kuwa suna maganar tukunya: kwana nawa ake jiƙa anza ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya fita, yadda aka ci tafasa da jiga da dusa, yadda akuya ta koma ba ta sayen hatsin da za a ci mako guda, wace ce ta sayar da tasoshin aurenta. Da namiji ne ya zo binciken, da rabin wannan bai fito daga cikin gida ba. Ita ma da ta tsaya ga mata kaɗai, da ba ta san zancen naira ba.

Ta kuma koyi cewa yawan baki ba shi ne yawan shaida ba. Mutum biyar sun ba ta labari guda, kusan kalma ɗaya, na wani ayarin jakuna da aka kama da dare. Da ta bi sawu, sai ta tarar duka biyar daga bakin mutum ɗaya suka ji. Ta rubuta shi a matsayin shaida ɗaya.

Inda da'awar ta tsage

Wanda ya fara fasa mata ginin abokin karatunta ne, ɗan Keita. Da ta karanta masa babin farko, ya ce: “Mu fa ba a bakin iyaka muke ba, kuma mutanenmu da yawa Abijan suke zuwa bida. Amma je ki tambayi iyayenmu abin da suka gani a 1984.” Gaskiya ya faɗa. A shekarar ce aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mata suka riƙa ɗaukar duwatsu suna gina shingayen tare ruwa ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya na ƙasar Buza kuwa, tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, alamar cewa ƙasar ta daɗe tana ciwo kafin a san da mulkin Buhari. Lissafin ruwan sama da ta nemo a Yamai shi ma bai goyi bayanta ba: damanar 1984 tana cikin mafi muni da aka auna a Sahel a ƙarni na 20, kuma farin bai tsaya a kan iyaka ya nuna takarda ba, ya ci arewacin Sakkwato da Katsina kamar yadda ya ci Adar da Gobir.

Ta yi kwanaki tana jin kamar aikin shekara guda ya rushe. Har ta yi tunanin ta bar zancen Keita a waje, tun da ba filin bincikenta ba ne, kuma ba wanda zai ce don me. Abin da ya hana ta shi ne ta san tambayar da za ta tarar da jan alƙalami. Sai ta zauna ta sake da'awar. Fari ne ya tabbatar da cewa za a yi yunwa. Rufe iyaka ya toshe ƙofofin da mutanen Bangi suka saba fita ta cikinsu a mummunar shekara, wato sayar da dabba a kasuwannin kudu, sayo hatsi da garin rogo, da tura samari ƙwadago. Wannan magana ba ta kai ta farko daɗin faɗa ba, amma tana iya tsayawa a gaban ɗan Keita.

Sai dai sabuwar da'awar ta jawo wata tambaya da ba ta shirya mata ba. Iyakar ba ta taɓa rufuwa ruf ba. Kowa ya shaida mata cewa hatsi ya riƙa shigowa da dare ta hanyoyin daji. To, hannun wa ya shiga, kuma da me aka saye shi?

Gonar da ke bakin fadama

Wata tsohuwa a wani ƙauye da ke gabas da garin ce ta ba ta amsa, ba tare da ta san ko jikar wa take magana da ita ba. Ta ce mijinta ya jinginar da gonarsu ta bakin fadama ga wani ɗan kasuwa a kan ƴan buhunan hatsi, da niyyar fansa in an yi girbi. Bashin ya hau, mijin ya rasu, gonar ba ta dawo ba. Ta faɗi sunan ɗan kasuwar. Kakan ɗalibar ne, mahaifin mahaifinta, wanda ya rasu tana goye. Gonar kuwa ta san ta sarai, domin albasar da ake nomawa a cikinta ita ta biya mata kuɗin mota zuwa Yamai.

Ba ta gaskata nan take ba, kuma wannan ma horon ne ya sa. Ta nemi wasu bakuna biyu da ba su da alaƙa da tsohuwar, suka tabbatar, suka ƙara da wasu gonakin da suka sauya hannu ta wannan hanya, zuwa gidaje daban-daban. Da ta tunkari mahaifinta bayan sallar isha'i, ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce: “Uwata, karatu munka aike ki, ba tonon asiri ba. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba.”

Kakarta ce ta kira ta ɗaki washegari. Ta ce: “Takwara, mi anka ce miki? Gona dai ya karɓa, ban musu ba. Amma wa ya gaya miki sau nawa ya fita da jakkai cikin dare, muna nan ba mu san ko shi dawo ba? Wa ya gaya miki kuɗinshi nawa sunka mutu ranar da anka sake naira? Tukunya ukku nike ɗorawa a gidan ga, kuma ba ɗiyana ɗai ke ci ba. In za ki rubuta, ki rubuta duka.”

Wannan ita ce ƙa'idar bincike mafi tsauri da aka taɓa gindaya mata, kuma daga bakin wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta fito. Ɗalibar ta bi maganar kakar kamar yadda ta bi ta tsohuwar ƙauye, ta sami waɗanda suka ci daga tukwanen nan uku. Duka biyun gaskiya ne: mutumin ya ciyar, ya kuma karɓi gona. Da ta kai wa malaminta, ya ce abu biyu ne wajibi. Na farko, ta sakaya sunayen mutane da na ƙauyuka, domin ba kotu ta buɗe ba, kuma waɗanda suka ba ta amana suna da sauran zama da juna. Na biyu, ta bayyana a gabatarwa cewa ita ɗiyar garin ce kuma daga gidan ƴan kasuwar hatsi ta fito, don mai karatu ya san inda zai sa mata ido. Babi na uku na kundin, wanda ya nuna yadda rufe iyaka ya tara hatsi a hannun ƴan kaɗan masu jari da dabbobin dako, kuma ta nan gonaki suka sauya masu, shi ne ya fi kowane ƙarfi, shi ne kuma ta fi shan wuyar rubutawa.

Rubutu da kariya

Saura aikin zubi. Da Hausa ta ji labarin, da Hausa ta yi tunaninsa, da Faransanci za ta rubuta. Kalmomi irin su jingina da cin rani da tiya suka ƙi shiga rigar da ta ɗinka musu, sai ta bar su yadda suke ta yi musu bayani. Ta sake gabatarwa sau shida. Ta koyi sanya da'awarta a shafin farko a fili, abin da ya yi mata kama da rashin kunya, domin an tarbiyyantar da ita cewa yaro ba ya fara yanke magana a gaban manya. Ta koyi cewa kowane sakin layi magana ɗaya yake ɗauka, da shaidarta a biye. Ta kuma koyi auna kalmomi: inda take da baki uku masu zaman kansu ta ce “ya tabbata”, inda take da ɗaya ta ce “an ruwaito”.

Ranar kare kundin, ɗaya daga cikin malamai uku da suka zauna ya matsa mata. Ya ce ta nuna gonaki sun sauya hannu, to kashi nawa ne na gonakin Bangi? Da shekara biyu baya ne, da ta ƙirƙiro amsa don kada a ga gazawarta. Ta ce shaidunta sun isa su nuna cewa abin ya faru da kuma hanyar da ya bi, amma ba su isa a fitar da adadi ba, domin jinginar wancan lokaci da baki ake yin ta a gaban shaidu, kuma ƙidaya tana bukatar a bi gona gona. Malamin ya rubuta wani abu, ya ce wannan shi ne aikin da ke jiran wanda zai biyo bayanta.

Abin da ya rage ga malamai

Labarin wannan ɗaliba ya shafi duk mai riƙe da alli. Ta kai shekara 20 da haihuwa kafin wani ya tambaye ta daga ina ta san abin da ta sani, alhali tambayar ba ta bukatar ɗakin karatu ko kwamfuta. Yaron aji shida yana iya tambayar mutum biyu a gida labarin shekara guda, ya zo ya faɗi inda suka dace da inda suka saɓa. Kayan aikin kuma suna nan cikin harshen: da'awa, hujja, dalili, shaida, isnadi, raddi. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma dokar ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayin zai yi nauyi ne gwargwadon abin da aka rubuta da harshen wanda za a iya jayayya da shi a bisa shaida, ba waƙa da tatsuniya kaɗai ba.

Ƙungiyoyin al'adu su ma suna da rabonsu, kuma lokaci ba ya jira. Buhari ya rasu a watan Yuli na 2025. Waɗanda suka riƙe gida a 1984 sun haura 70, kullum ana raguwa. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, ba za ta iya isa kowane ƙauye ba, amma wayar da ke aljihun kowane malamin makaranta tana ɗaukar murya. Tambayar iyaka kuma ba ta tsufa ba: a ƙarshen 2021 dubban mutane daga jihar Sakkwato suka tsallako zuwa ƙauyukan Bangi suna gudun ƴan bindiga, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 an sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai sami sunansa a bakin jama'a, da labarin da kowa ya yarda da shi, da wanda aka bari a ciki.

Ita dai ta koma koyar da tarihi a wani kwaleji na jihar Tawa. Ta kai kwafe guda na kundin gida. Mahaifinta bai karanta Faransanci, bai kuma nemi a fassara masa ba. Ya sa shi a akwatin da yake ajiye takardun gida. Gonar bakin fadama tana hannunsu har yanzu, kuma ba a sake tayar da zancen ba, sai dai kakar, kafin rasuwarta, ta sa an riƙa kai wa tsohuwar ƙauyen buhun hatsi duk kaka, ba ta kuma gaya wa kowa dalili ba. A farkon kowace shekarar karatu, aikin gida na farko da malamar ke ba ɗalibanta shi ne su tambayo sunan wata yunwa da aka yi a garinsu, su rubuta abin da aka ce ya kawo ta, sa'an nan a ƙasan shafin su rubuta wanda ya gaya musu, da shekarunsa, da inda yake a lokacin da abin ya faru.